Ko Kun Sani? Cire Madubi Ne Ya Rage Wa Kyamara Girma

A cikin manyan kyamarorin DSLR akwai wani ɗan madubi da ke tura haske zuwa ƙofar leƙe, sannan ya ɗaga sama da zarar an danna maɓallin ɗauka. A 2008 kamfanin Panasonic na Japan ya fito da Lumix G1 babu wannan madubi, haske na faɗawa kai tsaye kan sensa. Hakan ya rage tazarar da ke tsakanin gindin gilashi da sensa zuwa kusan milimita 19, alhali a tsarin Canon EF milimita 44 ce. Shi ya sa jikin G1 ya sirance, kuma da ɗan zoben haɗi ana ɗaura mata tsofaffin gilasan zamanin fim.

Sai dai sensar G1 ƙarama ce, kuma ƙaramar sensa tana matse fage. Gilashi mai milimita 25 a tsarin Micro Four Thirds, wanda G1 ke amfani da shi, yana nuna abin da mai milimita 50 ke nunawa a babbar sensa ta full-frame. Don haka kafin ku sayi gilashi, ku fara tambayar girman sensar kyamararku.