Amfanin Suka ga Kasuwar Baje Koli

Kasuwar baje koli, wato taron da masu masana'antu da 'yan kasuwa ke shimfiɗa hajarsu domin a gani a ƙulla hulɗa, ba ta gyaruwa da yabo kaɗai. A irin wadda ake ci a Kaduna, kan hanyar Zariya, mai rumfa ya fi kowa sanin inda gizo ke saƙa, domin shi ya biya kuɗin wuri, shi kuma zai wuni yana gadin injin niƙansa idan dillalai ba su leƙo ba. Ƙorafinsa, ko da ya zo da zafi, shi ke nuna wa masu shirya taron buƙatar ware wa masu sari lokacin ganawa, nesa da cunkoson 'yan kallo.