Kaskar da ta sha jinin dainaso

Daga birnin Katsina, Gadufawa ta fi Legas kusa. Fili ne a hamadar Tenere, gabas da Agadas, inda iska ke kwashe rairayi ta bar ƙasusuwa a sarari. A can ne wani masani Bafaranshe, Philippe Taquet, ya haƙo ƙwarangwal ɗin dainason da ya raɗa wa suna Ouranosaurus nigeriensis a 1976. A 1999 kuma Paul Sereno na Jami'ar Chicago ya gabatar da Nigersaurus, mai haƙora sama da 500. Shekara kusan miliyan 110 da suka wuce, wurin nan koguna ne da dazuzzuka, ga kadoji, ga garkunan manyan dabbobi suna kiwo.

To, duk wanda ya taɓa shiga karar shanu ta Mai'aduwa ko Charanchi da damina ya san abin da ke biyo bayan ruwa da zafi da garke: ƙuda, sauro, kaska. Shin waɗancan ƙattin sun tsira daga wannan? Ba su tsira ba, kuma akwai shaida.

Shaidar da ta fi ƙarfi ta fito ne daga ƙaron itatuwa. Kamar yadda tururuwa ke maƙalewa a ƙaron da ke tsattsafowa daga jikin itace a dajinmu, haka ƙwarin wancan zamani suka maƙale, ƙaron ya daskare ya zama dutse, ya adana su har da gashin ƙafafunsu. A 2017 masana suka bayyana wani guntun irin wannan dutse daga ƙasar Myanmar, mai shekara miliyan 99. A cikinsa akwai kaska, ta riƙe gashin dainaso gam da ƙafarta. A wani guntun an ga wata kaskar da ta sha jini ta kumbura har ta ninka girmanta kusan sau takwas. Mai kiwon da ya saba cire kaska daga kunnen saniya, da an nuna masa hoton, nan take zai gane ta. A Sin ma an samu burbushin wasu ƙwari dangin ƙuma, masu tsawon kusan santimita 2 da dogon baki mai huda fata.

Cizo kaɗai ba shi ne abin tsoro ba, abin da ke shiga jini ta wurin cizon shi ne. George Poinar na Jami'ar Jihar Oregon a Amurka ya duba cikin ƙananan ƙudajen da ke cikin ƙaron Myanmar, ya ba da rahoton ƙwayoyin cuta dangin waɗanda ke kawo zazzaɓin cizon sauro ga tsuntsaye, da dangin masu kawo gyambon da ƙudan rairayi ke yaɗawa. A busasshen kashin dabba da aka tono a Bernissart ta Beljiyam, inda aka samu dainaso da yawa, an ga ƙwan tsutsar ciki. Sai dai ba duk ƙwaro ne maƙiyi ba. A jihar Montana, Karen Chin ta gano ramukan buzuzu a cikin kashin dainaso, wato tun a lokacin yana aikinsa na mayar da kashi taki.

Ƙasusuwan su ma suna magana. A 2020 likitoci da masana a Kanada suka sake duba wani ƙashin ƙafa na Centrosaurus da aka tono a 1989, wanda da ake zaton karaya ce ta warke a karkace. Da aka ɗauki hoton cikinsa, aka yanka shi aka sa a madubin likita, sai aka tarar sankarar ƙashi ce, irin wadda ke kama matasa a yau. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, cutar ta yi nisa sosai, amma dabbar ba ita ta kashe ta ba. An same ta cikin tarin 'yan garkenta, da alama ambaliya ce ta tafi da su tare. Gurguwar dabba ta rayu har haka a dajin da masu farauta suka cika, kuma masanan na ganin garken ne ya kare ta. A Brazil, a 2020 ɗin dai, an ga ƙwayoyin cuta kwance a hanyoyin jini na ƙashin wani dainaso mai dogon wuya, ƙashin duk ya ruɓe da miki.

Poinar da matarsa Roberta sun tafi da nisa a littafinsu na 2008, inda suka ce ƙwari da cututtuka na cikin abin da ya ƙarar da dainaso. A nan ban bi su ba. Dutsen da ya faɗo daga sama a Chicxulub ta Meziko shekara miliyan 66 da suka wuce ya hallaka har da halittun teku, waɗanda kaska ba ta taɓa kai wa ba. Kuma dabbobin da suka yi shekara sama da miliyan 150 suna fama da cizo ba su ne cizo zai share a dare ɗaya ba. Cuta ta rage garke, ta raunana tsoho da ɗan ƙarami, kamar yadda take yi har gobe. Akwai ma reshe ɗaya na dainaso da bai ƙare ba, domin masana sun tabbatar tsuntsaye zuriyar dainaso ne, kuma kazar da ke birgima a toka don ta rabu da ƙuma tana cikinsu.

Abin da ke damuna shi ne a Kanada da Brazil da Sin ake wannan bincike, alhali irin ƙasusuwan nan maƙwabtanmu suna da su, masu ilimin kuma muna da su. Akwai tsangayar likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da ta Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, akwai cibiyar binciken cutar sammore a Kaduna. A ƙasar Sakkwato ma an tono ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku da aka sa wa sunan Goronyo. Likitan dabbobin da ke duba nama a mayanka kullum da asuba ya san kamannin ƙashin da ƙurji ya ci. Ya kamata Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta nemi haɗin gwiwa da Gidan Tarihi na Boubou Hama da ke Yamai, ta tura ɗalibanta su duba ƙasusuwan da ke ajiye a can da idon mai neman ciwo.