ƁERA A ƊAKIN AJIYA: SAƘO DAGA KEFFI ZUWA GA MAGIDANTAN DA KE KURMI

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk wanda ya bi hanyar Keffi zuwa Akwanga da rani zai ga shanya fari fat a gefen kwalta. Rogo ne da masara mata suka baza don rana ta busar. Da magariba a kwashe, a zuba a buhu, a jingine a ɗaki. Daga nan ake tuƙa tuwon gida, daga nan kuma ake ɗaura wa maigida tsaraba in zai koma Ikko ko Badun. To, ɓera ma ya san wurin shanyar, ya kuwa san ɗakin.

Akwai wani irin ɓera mai nonuwa da yawa wanda ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa. In ya yi fitsari ko kashi a kan abinci, wanda ya ci yana iya kamuwa, shi kuma ya shafa wa mai jinyarsa ta jini ko amai. An fara gane cutar a 1969 a garin Lassa na ƙasar Barno. A 1970 ta ɓarke a Jos, lokacin Keffi tana cikin Jihar Binuwai-Filato. Takan fi tsananta da rani, daga Disamba zuwa Afrilu.

Wahalar ta fi faɗa wa mata, domin su ke shanya, su ke girki, su ke zaman jinya. Alamunta na farko kuwa sak na zazzaɓin cizon sauro: zafin jiki, ciwon kai, kasala da ciwon maƙogwaro. Sai a yi ta sayen ƙwaya a kemis har kwanaki su shige. Mai tsohon ciki ita ce abar tsoro, don in cutar ta kama ta a watannin ƙarshe, galibi cikin yakan zube, uwar ma sai Allah ya kiyaye. Wasu da suka warke sukan tashi da kurumta.

A nan ne maganar ta iso gare ku, 'yan'uwa. Keffi tana da babban asibitin Gwamnatin Tarayya, amma mace da yawa ba za ta fita ba sai da iznin miji, mijin kuwa yana Fatakwal. Kafin ka kama hanya, ka ba ta izni a gaban iyayenka, ka bar kuɗin mota a hannunta. Zazzaɓin da aka sha masa magani kwana biyu ko uku bai sauka ba, asibiti za a nufa, domin maganin cutar ya fi aiki in an fara da wuri.

In za ka aiko da kuɗi, ka ware na durom ko bokiti mai murfi don ajiyar gari. A yi shanya bisa abu mai tudu, a toshe ramuka, a nesanta juji da gida, yara kuma su bar farautar ɓera.

Ku ma kada ku sake da kanku. Jihohin Edo da Ondo suna cikin inda cutar ta fi yawa a Nijeriya, asibitocin Irrua da Owo kuwa sun daɗe suna jinyar masu ita. Buhun tsarabar da ke ƙarƙashin gadonka, shi ma a rufe shi.

Allah ya tsare mu da iyalanmu, amin.