Bayan Digirin Farko: Hanyar Zama Mai Bincike a Kemistirin Oganik

Sau da yawa ɗalibin da ya karanta kemistiri yakan gama bautar ƙasa ya shiga tunanin ko ya nemi aiki ko ya koma makaranta. Wannan maƙala za ta yi tsokaci ne a kan mai niyyar komawa, musamman a reshen oganik, wato nazarin sinadaran da aka gina a kan kabon, irin su magunguna da rini da man fetur.

A jami'o'in Nijeriya digiri na biyu kan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, na uku kuma aƙalla shekara uku. Wannan a takarda ke nan, domin rashin wuta da jiran sinadarai da yajin aiki kan ja wa'adin. Na 2022 kaɗai ya ci wata takwas. A Amurka ana iya shiga digiri na uku kai tsaye daga na farko, a yi shekara biyar ko shida, jami'a na biyan ɗalibi alawus yana koyar da na ƙasa da shi.

Sai dai a ganina, zaɓen malamin da zai duba aiki da sanin kayan da ke ɗakin gwajinsa sun fi sunan jami'a muhimmanci. Dalili kuwa yana cikin yanayin aikin. A ɗauki mai binciken tsirrai: zai samo saiwa ko ɓawo, ya shanya, ya niƙa, ya jiƙa a methanol, sannan ya shafe watanni yana rarrabe abin da ya tato ta hanyar kiromatogirafi. A ƙarshe wataƙila 'yan miligiram na sinadari tsantsa zai samu. To, mene ne wannan sinadarin? Ba za a san yadda ƙwayoyinsa suka jeru ba sai da na'urar NMR, wadda ke da tsada, kuma ba kowane sashe ke da mai aiki ba. Idan babu, sai an aika samfur wata cibiya ko ƙasar waje, kuma a nan ne alaƙar malami da takwarorinsa ke ceton ɗalibi. Don haka kafin a sayi fom, a karanta maƙalun da malamin ya buga kwanan nan, a kuma tambayi ɗalibansa shekara nawa suka yi.

Fannin yana da tushe a ƙasar nan. A shekarun 1960 masana a Jami'ar Ibadan, ciki har da Donald Ekong, sun yi suna a duniya kan sinadarai masu ɗaci na itatuwan dangin maɗaci. Daga baya cibiyar NIPRD ta Abuja ta samar da Niprisan, maganin amosanin jini, daga tsirrai huɗu, cikinsu da masoro da kanumfari da karan dafi, abubuwan da kowane Bahaushe ya sani a kasuwa.

Batun kuɗi kuwa, tallafin TETFund na malaman manyan makarantun gwamnati ne, saboda haka wanda bai samu koyarwa ba sai ya duba PTDF ko DAAD ta Jamus ko tallafin ƙasashen Kwamanwel. Dukkansu suna duba sakamakon digirin farko, kuma a matakin digiri na uku sukan nemi rubutaccen tsarin binciken da mutum yake son yi.