ZAREN DA IDO BA YA GANI: Amfaninsa Da Haɗarinsa Ga Telolin Bargo A Manchok

Duk ɗan Arewa da ke zaune a Legas ko Ibadan ko Fatakwal, idan watan Disamba ya kama, yakan tuna da sanyin gida. A Kurmi hunturu ɗan leƙe yake yi ya wuce. A ƙasar Manchok kuwa, can gindin tsaunukan Jos, sanyi ba baƙo ba ne, ɗan gari ne. Da dare ya yi sai iska ta gangaro daga kan tudu, wanda duk ba shi da abin rufa mai kauri ya kwana yana juyi.

Manchok dai gari ne a Ƙaramar Hukumar Kaura ta Jihar Kaduna, kusa da iyakar Jihar Filato, kuma nan ne hedkwatar masarautar Marwa. Hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga Kafanchan zuwa Jos, wadda aka buɗe a 1927, ta bi ta Kagoro da Manchok. A zamanin da jirgi ke tashe, ta nan kayan Kudu ke shigowa wannan yanki, har da yadi da zare da keken ɗinki.

To, a irin waɗannan garuruwa, kamar sauran wurare a ƙasar nan, tela mai tattali ba ya zubar da ƙyalle. Guntayen atamfa da shadda da suka rage bayan an yanka riga, tara su yake yi, ya harhaɗa su su zama zanen gado ko abin rufa. Idan aka sa auduga ko wani tsohon bargo a tsakiya, aka shimfiɗa wani yadi a ƙasa, aka bi hawa ukun nan da ɗinki, to an sami bargon da zai kori sanyi a kan kuɗi kaɗan. Akwai wani irin zare da ake amfani da shi wajen wannan aiki, wanda ke iya ɗaga sunan tela, ko kuwa ya zubar masa da mutunci a kasuwa.

ABIN NAN BA SABO BA NE

Ɗinki mai hawa uku ba Turawa ne suka kawo shi ƙasar Hausa ba. Wanda ya taɓa kallon hawan Salla a Kano ko Katsina ko Zariya ya ga 'yan lifida, su da dawakinsu an lulluɓe su da tufa mai kauri. Lifidi ba wani abu ba ne illa yadi hawa biyu da aka cusa wa audugar rimi a tsakani, aka bi shi da ɗinki layi-layi don kada audugar ta taru wuri ɗaya. Littafin Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara kawo lifidi da sulke da kwalkwali Kano. Wato abin da ya tare kibiya jiya, shi ne ke tare sanyi yau.

Abin da ya sauya shi ne kayan aiki. A 1851, shekarar da Baturen nan Barth ya shiga Kano ya yi ta mamakin yawan saƙa da rinin birnin, a shekarar ce kuma Isaac Singer ya yi rajistar kekensa na ɗinki a Amurka. Daga baya keke ya zo ya karɓe aikin da allurar hannu ke kwashe makonni tana yi.

Shi kuwa zaren roba, wato nailan, a 1935 aka ƙirƙiro shi a kamfanin DuPont na Amurka, a ƙarƙashin wani masani mai suna Wallace Carothers. Tun wajen 1939 aka fara sayar da shi ga masu kamun kifi da fatsa. Ɗan'uwansa foliyesta, wanda aka sani da sunan Terylene, a Ingila aka fito da shi a 1941. Masu ɗinkin bargo da keke a Amurka sun rungumi siririn zaren roba sosai ne a shekarun 1980, musamman bayan littafin wata gwanar ɗinki mai suna Harriet Hargrave da ya fito a 1987.

ME YA SA TELOLI KE SON SA?

Zaren auduga siraran zaruruwa ne da yawa aka murɗe su wuri ɗaya. Wannan kuwa sili ɗaya ne tak, garai-garai kamar ruwa, kaurinsa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, wato kamar gashin kai.

Amfaninsa a fili yake. A ce bargo yana da ƙyalle ja da kore da fari da baƙi. In tela ya sa farin zare, sai ya fito ɓaro-ɓaro a kan baƙi. In ya sa baƙi, ya ɓata fari. In kuma ya ce zai riƙa sauya zare a kan kowane ƙyalle, rana ta faɗi bai gama kamu ɗaya ba. Zaren roba kuwa duk launin da ya hau sai ya saje da shi. Iri biyu ake yi: mai haske domin yadi mai haske, da mai ruwan hayaƙi domin yadi mai duhu, don kada ya riƙa ƙyalli.

Amma fa Hausawa sun ce kowane allazi da nasa amanu.

KUSKUREN FARKO: ZAREN FATSA

Babban kuskuren da ake yi shi ne a ɗauka zaren ɗinki da zaren kamun kifi duk ɗaya ne, tun da kamarsu ɗaya. Ba haka ba ne. Zaren fatsa ya ninka na ɗinki kauri, ga tauri. Masu shirya duwatsun wuya suna jin daɗinsa, amma a jikin bargo illa yake yi. Ya fi yadin ƙarfi, saboda haka duk lokacin da aka ja bargon ko aka wanke shi, zaren ne zai riƙa cin yadin kamar wuƙa, har layin ɗinki ya zama layin yagewa. Ga shi kuma bakinsa yana sukar jiki, mai bargo ya kwana yana susa.

YADDA AKE SARRAFA SHI A KEKE

Ko tsohon keken ƙafa, Singer ko Butterfly, yana iya ɗinki da wannan zare, muddin an kiyaye waɗansu ka'idoji.

Na farko, zaren roba yana miƙewa in an ja shi, ya koma in an sake shi. Idan maɗaurin zaren sama ya yi tsauri, keke zai ɗinka shi a miƙe, da an cire bargon sai zaren ya tsuke, yadi ya tattare, zaren ƙasa ya leƙo sama. Maganin wannan shi ne a sassauta maɗaurin kaɗan-kaɗan, ana gwadawa a kan guntun ƙyalle mai hawa uku, har ɗinki ya kwanta.

Na biyu, a sama kaɗai ya fi dacewa a sa shi. A ƙasa a sa zaren auduga ko na foliyesta na yau da kullum, mai launin yadin bayan bargon. Wannan zai sa gefen da ke taɓa jiki ya yi laushi, kuma ɗinkin ya kama. Wanda ya ga lalle sai ya naɗa shi a kwarkwaron ƙasa, wanda teloli ke kira bobin, to ya naɗa a hankali, kada ya cika shi. Naɗi da sauri yana miƙar da zaren, ya matse kwarkwaron, in na roba ne ma har ya fasa shi.

Na uku, allura lamba 14 ko 16 da aka saba da ita ta yi masa girma, ramin da za ta bari ya fi zaren faɗi. Lamba 10 ko 11 ita ce daidai. Da yake da ƙyar ake ganin bakin zaren, a ɗan shafa masa tawada kafin a zura.

Na huɗu, zaren yana da santsi, yakan kwance da kansa ya naɗe sandar da aka ɗora shi, sai a ji ya tsinke. A tsayar da shi cikin kofi a bayan keke, ko a sa masa guntun tsohuwar safa ya riƙe shi. Saboda santsin nan kuma ƙulli ɗaya ba ya riƙe shi. A fara kowane layi da ƙananan ɗinki guda biyar ko shida kusa da juna, a ƙare da irinsu. Kada kuma a yi gudu da keke. Sannu ba ta hana zuwa.

WUTA DA RANA

Ko an yi ɗinki mai kyau, da sauran rina a kaba. Nailan yana narkewa ne idan zafi ya kai kamar digiri 220 zuwa 260, gwargwadon irinsa, amma tun kafin nan ya fara laushi yana rasa ƙarfi. Dutsen guga na lantarki, in an kai shi ma'aunin auduga, yana kai wa wajen digiri 200. Na gawayi kuwa ba shi da ma'auni sam. Ke nan guga ɗaya ta isa ta lalata aikin kwana uku. In guga ta zama dole, a yi ta ta baya, da wuta kaɗan, a shimfiɗa wani ƙyalle a tsakani.

Rana ma abokiyar gaba ce. Yawan shanya a tsakiyar rana yana sa nailan ya yi ruwan ɗorawa, ya bushe, ya riƙa karyewa. Na foliyesta ya fi jure rana, don haka in an sami zaɓi, shi ya fi. A shanya bargon a inuwa, ko a kife shi.

Akwai kuma wani haɗari da ya fi duk waɗannan. Idan ɗinki ya saki, zaren yakan yi zobe wanda ido ba ya gani, kuma ba ya tsinkewa da sauƙi. Zai iya naɗe yatsan jariri na hannu ko na ƙafa ya tsayar da jini, uwa tana ta rarrashi ba ta san dalilin kukan ba. Saboda haka bargon jariri da zaren auduga ya kamata a ɗinka shi, ko da ɗinkin zai fito.

SHAWARA GA MAI SAYE

Mazauna Kurmi da yawa sukan sayi abin rufa su aika wa iyaye, ko su ba da ɗinkin kayan ɗakin amarya idan sun je gida Salla ko Kirsimeti. Ga yadda za a gane aiki mai kyau. A ɗaga bargon a haske, zaren roba zai ɗan yi ƙyalli. A shafa tafin hannu a kan layukan, in ana jin suka, an yi amfani da zare mai kauri. A ja yadin kaɗan, in ya tattare ko ɗinki ya buɗe, ba a daidaita keke ba. A duba kuma tazarar layuka, kada ta wuce faɗin tafin hannu, in ba haka ba audugar ciki za ta dunƙule da wankin farko. Wanda ke shakkar irin zaren, ya yanki ɗan guntu ya kusantar da ashana. Na auduga zai ci wuta ya zama toka, na roba zai narke ya dunƙule kamar ɗan dutse.

Masaƙar Kaduna da aka buɗe a Kakuri a 1957, wadda ta ciyar da dubban iyalai, har da 'yan kudancin Kaduna masu yawa, ta rufe a 2002, waɗansu kuma suka bi bayanta. Tun daga nan yadi da bargon ƙasashen waje da na gwanjo suka cika kasuwa. Telan Manchok ko na Kafanchan, da ɗan'uwansa da ya kafa keke a Sabon Ibadan ko Agege, ba su da abin da za su yi gasa da shi sai ingancin aiki da amana. Bargo ɗaya da ya warware bayan wanki biyu ya isa ya kori masu ciniki goma, domin labari a unguwa ya fi jirgi sauri.

Zaren roba ba maƙiyin tela ba ne, ba kuma maganin kowane ɗinki ba ne. A kan zanen gado na ado da abin rufa mai launi barkatai, wanda ba a cika wankewa ba, yana da rana. A kan bargon yara da na yau da kullum, tsohon zaren auduga bai tsufa ba. Tela na gari shi ne wanda zai gaya wa mai kaya irin zaren da ya sa masa, da yadda zai wanke shi, tun kafin ya karɓi kuɗinsa.