Kafin ku sayi batirin ajiya don kwamfuta, ku juya cajarku ku karanta

Da zarar bazara ta kama aka shiga ɗauke kuran, ɗalibai masu rubuta aikin ƙarshen karatu, ma'aikata da masu shagon buga takardu sai su bazama neman batirin ajiya, wanda ƴan kasuwa ke kira fawa banki. Tun daga Yamai har Damagaram tambayar guda ce: wanne ne zai ɗauki kwamfutar tafi-da-gidanka ba tare da ya ƙone ta ba?

Abin da muka lura, mutane na sayen lambar da aka rubuta ɓaro-ɓaro a kan kwali, 30,000 ko 50,000 mAh. Alhali amsar tana hannunsu tun daga gida. Ku juya cajar kwamfutarku, akwai ƙananan rubutu a bayanta: volt nawa take bayarwa, amfiya nawa. Galibi za ku ga 19V, 19.5V ko 20V. In kun ninka volt da amfiya, ku samu wat. Misali 19.5V sau 3.33A ya ba da wat 65. To wannan shi ne abincin kwamfutarku. Batirin ajiya na salula kuwa, mafi yawansu 5V suke fitarwa, da wat 10 zuwa 20. Ko ya kai girman bulo, ba zai ciyar da ita ba.

In kwamfutarku na caji ta ƙaramar ƙofar nan ta USB-C, kun huta. Ku nemi batirin da aka rubuta PD a jikinsa, mai fitar da 20V, da wat daidai da na cajarku ko sama da haka. Wat ya fi yawa ba laifi ba ne, don a wannan tsari kwamfuta da batiri suna daidaitawa tsakaninsu kafin wuta ta wuce. Sai dai a kula da igiya: ta yau da kullum iyakarta wat 60, abin da ya wuce nan sai mai alamar 5A.

Inda gizo ke saƙar shi ne tsofaffin kwamfutoci masu zagayayyen baki, kuma su suka fi yawa a kasuwanninmu na kayan hannu. Su babu wannan daidaitawa. Akwai batura masu maɓallin zaɓen volt, 12, 16, 19 har 24, kuma in hannu ya kuskure ya ɗora 24 a kan mai cin 19, ana iya rasa uwar allon kwamfutar ɗungurungum. Wasu HP da Dell kuma suna da ɗan tsinke a tsakiyar baki da suke gane cajarsu da shi. In ba su gane ba, sai su ƙi caji ko su rage gudu. Shawararmu a nan, ku ɗauki kwamfutar ku je da ita, a gwada a gabanku. Mai kayan da ya ƙi gwaji, ku yi masa sai an jima.

Batun yawan wutar da ke ciki kuma, Wh ake dubawa. Batiri mai 20,000 mAh kusan Wh 74 ke nan, kuma wani kaso na salwanta ya zama zafi wajen caji. Batirin kwamfuta da yawa yana tsakanin Wh 40 da 60. Wato caji ɗaya za ku samu da ɗan ɗori, ba kwana biyu da ake faɗa muku ba. Nauyi ma shaida ne. Na gaskiya mai 20,000 galibi ba ya kasa giram 300, mai 50,000 ya kusa kilo guda. Wanda kuka ɗaga kuka ji shi sakayau kamar fanko, lambar jikinsa ƙarya ce.

Sai zafi, wanda mu nan ba baƙonmu ba ne. Batirin litiyom ba a son a caja shi a zafin da ya haura digiri 45, ga shi a watan Afrilu da Mayu inuwa kanta na wuce 40. Kada a bar shi cikin mota a rufe, ko ƙarƙashin sirdin babur, ko a jona shi a kan katifa a kwanta barci. A ɗora shi bisa siminti ko tayil, inda iska ke ratsawa. In ya kumbura, ko yana wari, ko ya yi zafin da hannu ba ya iya riƙewa, a cire shi, a kai shi waje nesa da zana da kayan wuta. Kada a huda shi, kada a ba yara su yi wasa da shi, kada a jefa shi cikin sharar da za a ƙona.

Masu niyyar Hajji ko Umara da sauran matafiya ta jirgin sama, ku sani ba a sa wannan batiri cikin akwatin da ke shiga ƙarƙashin jirgi, a jakar hannu ake riƙe shi. Iyakar da aka saba yarda da ita Wh 100 ce, wajen 27,000 mAh. Daga nan zuwa Wh 160 sai da izinin kamfanin jirgin.