"Da Sauƙi" Ba Ta Wadatar Da Likitan Ciwon Daji

'Yar uwa, sau nawa aka tambaye ki ya jiki, kika ce "da sauƙi", alhali kin kwana ba ki runtsa ba? Haka aka tarbiyyantar da mu, mace ta zama mai kunya da dauriya. Wannan amsa ta dace da mai zuwa dubiya, amma a gaban likita tana iya cutar da ke, musamman idan ciwon daji ne.

Ki ɗauki mace mai sankarar mama ko ta bakin mahaifa a Zagga, ko wadda ta taso daga Kaoje ko Tsamiya a bakin iyakar Benin. An sayar da akuya ko buhun shinkafa, an yi kuɗin mota zuwa Birnin Kebbi, wani lokaci har a tura ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Bayan duk wannan wahala, mintoci kaɗan za ta samu da likita. Sai ta sunkuyar da kai ta ce "da sauƙi", ko maigida ya amsa a madadinta. Gwajin jini da hoto za su nuna halin da ƙarin yake ciki, amma ba za su nuna cewa ta kasa ɗaga tulu ba, ko amai ya hana ta cin tuwo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ma'aunin da ke bakin majinyaciya

Saboda haka masana suka fito da takardun tambayoyi da mara lafiya ke amsawa da kansa. A 1993 wata ƙungiyar binciken ciwon daji ta Turai ta fitar da mai tambayoyi 30, kan zafin ciwo, gajiya, barci, cin abinci, damuwa, har da matsin kuɗin magani. Biyu na ƙarshe suna neman ki ba lafiyarki da jin daɗin rayuwarki na makon da ya wuce maki daga 1 zuwa 7.

A nan Afirka ma akwai wani mai tambayoyi 10, bakwai na majinyaci, uku na iyalinsa, wanda aka gwada a Uganda da Afirka ta Kudu. Makinsa daga 0 zuwa 5 ne, ana iya nunawa da yatsun hannu. Ke nan rashin karatun boko ba zai hana ki ba, ko da Fulatanci ko Dandanci kaɗai kike ji.

Kada ki raina wannan maki. A 2017 aka fitar da sakamakon wani bincike da Dakta Ethan Basch ya jagoranta a Amurka, kan mutum 766 da ciwonsu ya riga ya bazu. Waɗanda ke kai rahoton yadda suke ji a kai a kai sun rayu kimanin wata 31, sauran kuwa wata 26. Rai na hannun Allah, amma ga abin da ake ganin shi ne sababi: ma'aikatan jinya sun riƙa jin matsala da wuri suna magance ta, majinyata kuma suka jure shan magani na tsawon lokaci.

Idan likita ya ga makinki ya taɓarɓare, zai iya ƙara maganin kashe zafi, ya ba ki na tsayar da amai, ya rage ƙarfin maganin dajin, ko ya ɗaga ranar karɓarsa.

Abin da za ki yi daga gida

Ko ba a miƙa miki irin wannan takarda a asibiti ba, ki yi taki. Ki samu littafin rubutu na 'yan makaranta. Duk Juma'a ki ba abubuwa biyar maki daga 0 zuwa 5: zafin ciwo, barci, cin abinci, ƙarfin yin aikin gida, da damuwar zuciya. Sifili na nufin babu matsala, biyar kuwa abin ya kai maƙura. Ki rubuta da boko ko ajami, ko 'yarki ta rubuta miki. Ranar ganin likita, littafin za ki fara miƙawa.

Abin da kike jin nauyin faɗa, kamar zubar jini, wari, ko zafi wajen kwanciyar aure, ki nemi ma'aikaciyar jinya mace ki gaya mata. In kuwa zazzaɓi ya kama ki bayan an yi miki ƙarin ruwan maganin daji, kada ki jira Juma'a, ki nufi asibiti a ranar.

Ke kuma mai jinyar uwa, ko 'ya, ko abokiyar zama, kada ki amsa mata. Ki tambaye ta, ki yi shiru, ki rubuta abin da ta ce ko da bai yi miki daɗin ji ba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Faɗa wa likita gaskiyar abin da kike ji ba raki ba ne, ba kuma rashin tawakkali ba ne. Neman magani ne, wanda addini ya kwaɗaitar da mu. Ki gode wa Allah, sannan ki ɗaga yatsunki ki nuna yadda ciwon yake. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.